Yadda Ake Gane Irin Ferayit da Auna Shi Kafin a Naɗa Masa Waya

Duk wanda ya taɓa buɗe cajar waya, ko inbata, ko akwatin wutar kwamfuta, ya ga wani baƙin abu mai tauri da aka naɗe da jar waya. Wani zobe ne, wani ɓari biyu ne masu siffar harafin E da aka haɗa baki da baki, wani kuma doguwar sanda ce irin ta cikin tsohuwar rediyo. Shi ne ferayit. A ido kusan duk ɗaya suke, baƙaƙe ko ruwan toka, yawancinsu ko rubutu babu a jiki. Shi ya sa mai gyara kan ciro ɗaya daga mataccen allo ya ɗora wa wani aiki, daga baya ya rasa abin da yake cinye masa mosfet, wato taransistocin da ke kunna wutar naɗi suna kashewa. Zobba biyu masu girma ɗaya, launi ɗaya, suna iya bambanta da juna fiye da ninki hamsin wajen karɓar maganaɗisu. Ido ba ya raba su. Mita da naɗi goma ne suke raba su.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: maltimita, mitar LCR mai auna koyil, rula ko kalifa, jar wayar naɗi kamar tsawon hannu biyu, sanfefa, ƙaramar zarto, ɗan maganaɗisu marar ƙarfi sosai, da injin iska mai zafi irin na masu gyaran waya idan kana da shi.

Abin da ke cikin baƙin dutsen

Kafin ka fara awo, ya kamata ka san abin da kake aunawa, domin kowace lamba da mita za ta nuna maka daga tsarin ƙiristal ɗin ta fito.

Ferayit ba ƙarfe ba ne, tangaram ne. Garin tsatsar ƙarfe ake haɗawa da garin wasu ma'adinai, a matse a cikin mazubi, a gasa a zafin da ya haura digiri 1,000. Yogoro Kato da Takeshi Takei ne suka haɗa shi a Cibiyar Fasaha ta Tokyo a 1930, kuma don a sayar da shi aka kafa kamfanin TDK a 1935. A Holan, J. L. Snoek na kamfanin Philips ya ci gaba da aikin har ya zama kayan kasuwa. Amma bayanin dalilin da ya sa yake da maganaɗisu sai a 1948 aka same shi daga Louis Néel na Faransa, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1970.

Ga abin da Néel ya gano. A cikin kowane ƙaramin ɗaki na ƙiristal ɗin akwai ƙwayoyin oksijin 32 da suka jeru, ƙwayoyin ƙarfe kuma suna zaune a ramukan da ke tsakaninsu. Ramukan iri biyu ne: guda 8 oksijin huɗu ne ke kewaye da kowannensu, guda 16 kuma oksijin shida. Kowace ƙwayar ƙarfe ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, sai dai na ramukan farko suna fuskantar gefe guda, na ramuka na biyu suna fuskantar kishiyarsa. Kamar wasan jan igiya ne da ɓangare ɗaya ya fi ɗaya mutane: mafi yawan ƙarfin ya tafi a ja-in-ja, ragowar da ta rinjaya ita ce maganaɗisun da muke amfani da shi. Wannan ne ya sa ferayit yake ƙoshi da wuri, wato ya kai iyakar maganaɗisun da zai iya ɗauka. Mafi kyawunsa ba ya wuce kimanin rabin tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), alhali ƙarfen silikon na babbar taransifoma yana ɗaukar tesla ɗaya da rabi har fiye.

Zinki ba shi da maganaɗisu ko kaɗan, amma ana zuba shi da gangan, domin ramukan nan 8 yake zuwa ya zauna, ya rage wa ɓangaren adawa ƙarfi, sai ragowar ta ƙaru. Sai dai yana da kuɗin da ake biya: yawan zinki yana sassauta riƙon da ɓangarorin biyu suka yi wa juna, don haka zafi kaɗan ke wargaza jerin. Riƙe wannan, zai yi maka amfani a gaba.

Daga nan gidaje biyu suka fito a cikin ferayit ɗin naɗi: na manganis da zinki, wanda ake rubutawa MnZn, da na nikel da zinki, wato NiZn. Akwai kuma gida na uku, na bariyam ko sitirontiyam, mai wani tsarin ƙiristal daban mai kusurwa shida. Shi ne baƙin zoben bayan lasifika, wanda idan aka ɗura masa maganaɗisu ba ya saki.

Cirowa ba tare da fasawa ba

Da farko sauke cajin babban kafasitan allon. Wutar 230 idan aka miƙar da ita tana zama kusan bolt 325 a cikinsa, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare fulogi. Haɗa ƙwan lantarki mai filamen a ƙafafunsa biyu, sannan ka tabbatar da mita cewa ya sauka.

Zobe ba shi da wahala, yanke wayar kawai za ka yi ka warware. Mai siffar E ne ke ba da ciwon kai, saboda banish da gam sun manne ɓarin biyu. Kada ka sa sukudireba ka ɓanɓare, nan take ƙafar za ta karye. Cire tef ɗin da ke kewaye, ka saka taransifomar a tukunya da ruwan sanyi, ka ɗora a wuta su tafasa tare na kamar minti goma zuwa sha biyar. Da zafinta za ka riƙe da tsumma ka riƙa motsa ɓarin a hankali har su saki. Kada ka jefa sanyayyen ferayit cikin tafasasshen ruwa, kada kuma ka tsoma mai zafi cikin ruwan sanyi. Tangaram ne, tsagewa yake yi. Idan gam ɗin mai taurin kai ne, sake tafasawa ya fi tilastawa.

Bayan ya bushe, kankare banish ɗin da ke fuskokin haɗuwa da reza, a kwance. Sanfefa ba ta zuwa wurin nan.

Tabbatar da cewa ferayit ne

Kusantar da ɗan maganaɗisunka. Ferayit ɗin naɗi zai manne, amma idan ka janye maganaɗisun ba zai iya ɗaukar ko allura ba. Idan shi da kansa yana kama ƙusa, na lasifika ne, ajiye shi gefe.

Sai maganar zobba masu fenti. Zoben nan mai ruwan ɗorawa da fari a gefe ɗaya, wanda ake samu a kusan kowane akwatin wutar kwamfuta, ba ferayit ba ne, garin ƙarfe ne da aka matse da gam. Haka ma kore mai gefen shuɗi. Akwai kuma baƙaƙen zobba na garin ƙarfe da alminiyam da silikon da ake gani a inbata da na'urar cajin sola. Duk waɗannan suna da aikinsu, wato tace wuta mai yawa, amma idan ka naɗa taransifomar inbata a kansu zafi za su ɗauka. Goga zarto a gefe: garin ƙarfe yana cinyuwa cikin sauƙi, wurin ya yi ƙyallin ƙarfe, ferayit kuwa zarto zamewa take yi a kansa, abin da zai fita baƙar ƙura ce kaɗan.

Launin fenti a jikin ferayit ba shi da wata doka da duk kamfanoni suka yarda da ita. Koren wannan kamfani daban, koren wancan daban. Ni dai ba na ɗaukar launi a matsayin shaida.

Maltimita: MnZn ne ko NiZn?

Kankare fenti a wurare biyu masu tazarar kamar santimita ɗaya har baƙin jikin ya fito. Sa mita a ma'aunin om mafi girma, ka danna bakin wayoyin da ƙarfi a wuraren biyu. Kada yatsunka su taɓa ƙarfen wayoyin, in ba haka ba jikinka za ka auna.

Idan mita ta nuna daga ɗaruruwan om zuwa dubbai, ko dubun dubata, MnZn ne. Idan ta nuna miliyoyi, ko ta tsaya kamar ba ka taɓa komai ba, NiZn ne. Lambar tana rawa gwargwadon yadda ka danna, kada wannan ya dame ka; tazarar da ke tsakanin gidajen biyu ta fi ninki dubu. Dalilin kuwa a ƙiristal yake. A cikin MnZn akwai ƙwayoyin ƙarfe masu caji biyu da masu caji uku zaune maƙwabtan juna, lantarki yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A NiZn kusan babu masu caji biyun, hanya ta toshe.

Amfanin sanin wannan: wuta mai saurin juyawa tana haifar da wata wutar da ke kewayawa a cikin jikin abin da aka naɗa wa waya, ta zama zafi. Saboda ita ake yanka ƙarfen babbar taransifoma falle-falle. MnZn yana jure wannan har zuwa kamar megahaz ɗaya ko biyu (haz shi ne juyin wuta sau ɗaya a daƙiƙa, megahaz kuma haz miliyan ne), daga nan sai NiZn ya karɓa har ɗaruruwan megahaz. Don haka caja, inbata da injin walda na zamani, waɗanda ke aiki a dubun dubatar haz zuwa 'yan ɗaruruwan dubbai, MnZn suke so. Kayan rediyo da dunƙulen nan da ke jikin kebul don kashe hayaniyar lantarki, yawanci NiZn ne.

Naɗi goma

Nan ne zuciyar aikin. Naɗa jar waya sau goma daidai. A zobe, duk lokacin da waya ta ratsa ta cikin rami shi ne naɗi ɗaya, ko da ba ta kewaye ba. Masu koyo da yawa suna ƙirga ta waje su sami tara ko sha ɗaya. Baza naɗin ya zagaye zoben, kada ka tara shi wuri guda. A mai siffar E, naɗa a kan robar naɗin da ke zama a ƙafar tsakiya, ka haɗa ɓarin biyu, ka matse su sosai da roba ko tef. Kankare bakin wayar biyu har jan ƙarfen ya fito.

Haɗa bakin wayoyin mitar da juna ka mayar da ita sifili, sannan ka auna. Idan mitarka tana ba da zaɓi, sa ta a kilohaz 10, wato haz dubu goma, domin a nan kamfanoni suke auna lambobin da suke bugawa. Ƙananan na'urorin gwajin nan masu arha da ke gane taransisto da kafasita suna iya aiki, amma ba su da kaifi a ƙananan lambobi. Idan ita ce gare ka, yi naɗi talatin maimakon goma.

Raba abin da ka samu da adadin naɗi sau kansa. Amsar ita ce lambar AL. Misali naɗi 10 ya ba ka 200 µH (ma'aunin indaktans, wato abin da mitar ke aunawa a koyil). Goma sau goma 100 ne, 200 raba 100 ya zama 2 µH, wato 2,000 nH, tunda µH ɗaya nH dubu ne. AL ɗin zoben nan 2,000 ne. Daga yau duk koyil ɗin da kake so a kansa lissafi ne kawai: idan kana son 800 µH, raba 800 da 2 ka sami 400, lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da 400 ita ce 20, naɗi ashirin ke nan. Lura da cewa ninka naɗi sau biyu yana ninka indaktans sau huɗu. Wannan ma hanya ce ta gwada mitarka: ƙara naɗin ya zama 20, idan ba ka ga kusan 800 ba, akwai matsala a mita ko a ƙirga.

AL na wannan zoben ne shi kaɗai, da girmansa. Don ka san irin ferayit ɗin kansa, sai ka fitar da lambar µ, wadda ke nuna sau nawa ya fi iska karɓar maganaɗisu. Ɗauko kalifa ka auna faɗin waje, faɗin rami da tsayi, duk a milimita. A ce ka sami 20, 10 da 7.

Kaurin jikin zoben shi ne rabin bambancin waje da rami: 20 cire 10, raba biyu, 5. Ninka da tsayi: 5 sau 7, ya ba da 35. Wannan shi ne faɗin hanyar maganaɗisu a murabba'in milimita, Ae. Tsawon hanyar kuma, le, shi ne kewayen tsakiyar zoben: haɗa 20 da 10, raba biyu ka sami 15, ninka da 3.14, kimanin 47.

µ = AL × le ÷ (1.257 × Ae)

Wato 2,000 sau 47, ya zama 94,000. Ƙasa kuma 1.257 sau 35, kimanin 44. Raba su, ka sami kusan 2,100. Kada ka damu da 'yan ɗaruruwa sama ko ƙasa, su kansu kamfanonin suna ba da rangwamen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari a wannan lamba. Idan zoben yana da fenti mai kauri, rage kaɗan daga awonka.

Karanta lambar

Idan µ ya faɗo tsakanin 2,000 da 2,500 kuma maltimita ta ce MnZn ne, ka yi dace. Nan ne nau'o'in ferayit na kamfanoni irin su N87 mai 2,200, da PC40 da 3C90 masu 2,300 suke, su ne ake naɗa taransifomar inbata da caja a kansu.

Idan ya kai 5,000 zuwa 10,000 ko fiye, kada ka yi murna. Mutane da yawa suna ɗauka babbar lamba ita ce mafi kyau, su ciro zoben da ke bakin shigar wuta, mai naɗi biyu gefe da gefe, su yi taransifoma da shi. Wancan zoben an yi shi ne don tace hayaniya, inda maganaɗisun da ke ratsa shi ɗan mitsitsi ne. Da yawan zinki aka sami babbar lambar, don haka masu µ 10,000 suna rasa maganaɗisunsu a wajen digiri 120 zuwa 130, kuma suna ɓarnar wuta idan aka matsa musu.

Kusan 800 tare da om miliyoyi, NiZn ne irin lamba 43 na kamfanin Fair-Rite, na kashe hayaniya da taransifomar eriya. Kusan 125, irin lamba 61 ne, na koyil ɗin rediyo. Idan kuwa ka sami 60 zuwa 90 a zobe mai fenti, koma ka sake goga zarto, da alama garin ƙarfe ne. Ka'idar da Snoek ya gano ita ce duk lokacin da µ ya hau, iyakar saurin da ferayit zai iya bi tana sauka. Ba a samun biyun a abu ɗaya.

Giɓin da ke tsakiya

Mai siffar E yana da nasa tarko. Haɗa ɓarin biyu ba tare da robar naɗi ba, ka ɗaga zuwa haske. Idan ka hango haske tsakanin ƙafafun tsakiya alhali na gefe sun haɗu, an goge ƙafar da gangan. Haka taransifomar cajar waya da ta laftof take, domin ita tara ƙarfi take yi ta saki, kuma a giɓin iskar nan ƙarfin yake taruwa. Taransifomar inbata mai mosfet gefe biyu ba ta son giɓi.

Dubi yadda ɗan giɓi yake cin lamba. ETD39, wani samfurin mai siffar E, tsawon hanyarsa kimanin milimita 92 ne. Da µ 2,200 da giɓin rabin milimita, abin da mita za ta gani ya sauko kusan 170. Ko fallen takarda ɗaya ka sa tsakanin ɓarin biyu, AL zai faɗi ƙasa da rabi. Saboda haka idan ka auna mai siffar E ka ga lamba ƙarama, kada ka yi saurin yanke masa hukunci: duba giɓi, duba ragowar banish, duba ko ka matse da kyau. Danna ɓarin da yatsa kana kallon mita. In lambar tana hawa sosai, fuskokin ba su zauna ba. Ko da komai ya yi daidai, mai siffar E yakan nuna ƙasa da ainihin µ ɗinsa, domin mahaɗar ba ta taɓa zama babu iska gaba ɗaya.

Tsagewa ma giɓi ce. Rataye ɓarin da zare ka ƙwanƙwasa da bakin sukudireba; lafiyayye yana ƙara siririya, tsagagge kuwa ƙararsa a dakushe take.

Ganin ƙoshi da zafi da idonka

Waɗannan gwaje-gwaje biyu ba dole ba ne, amma wanda ya yi su sau ɗaya ba zai sake raina lissafin naɗi ba.

Bar naɗin goma a jikin mita, ka kusantar da maganaɗisun lasifika a hankali. Lambar za ta fara sauka, idan ya manne ta zube. Abin da ya faru shi ne yankunan maganaɗisu na cikin ƙiristal sun riga sun juya gefe guda, babu sauran da za su amsa wa wayar. Wannan shi ne ƙoshi, kuma idan ya faru a cikin inbata, naɗin yana komawa kamar miƙaƙƙiyar waya tsakanin batir da mosfet. A MnZn kaɗai za ka yi wannan wasa. Wasu NiZn, irin lamba 61, maganaɗisu mai ƙarfi yana canza musu hali, kuma ba sa komawa daidai don an janye shi.

Na zafi kuma, yi shi da wanda ba ka jin asararsa. Ɗora shi a kan tayil, ka hura masa iska mai zafi daga nesa kana zagayawa, don ya ɗumama gaba ɗaya. Lambar za ta riƙa hawa, ta kai ƙololuwa, sannan ta faɗi warwas lokaci guda. Ka kai zafin Curie ke nan, inda jijjigar zafi ta fi ƙarfin riƙon ɓangarorin nan biyu. A ferayit ɗin inbata wannan yana faruwa sama da digiri 200 kaɗan. Idan ya huce lambar za ta dawo. Wanda ya faɗi da wuri, tun kafin rufin wayar ya fara wari, mai yawan zinki ne.

Tun kafin a kai can zafi yake rage iyakar ƙoshi. N87 yana ɗaukar kusan 490 mT (tesla 0.49) a digiri 25, amma a digiri 100 ya sauko 390, wato tesla 0.39. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, inbatar da aka kulle a ƙaramin ɗaki ƙarƙashin kwano ba a digiri 25 take aiki ba. Da lambar digiri 100 za ka yi lissafi. Abin daɗin shi ne waɗannan nau'o'in an tsara su ne ɓarnarsu ta fi ƙanƙanta a wajen digiri 90 zuwa 100, don haka ferayit ɗin da ya yi ɗumi ba abin tsoro ba ne. Wanda zafinsa ke ta hawa ba tsayawa shi ne abin tsoro.

Lissafin naɗin farko

Tunda ka tabbatar MnZn ne na wuta, babu giɓi, babu tsagewa, sai ka fitar da naɗin ɓangaren batir. Ga wuta mai siffar murabba'i, irin wadda mosfet ke bai wa naɗin:

N = V ÷ (4 × f × B × Ae)

N adadin naɗi ne, V bolt, f saurin juyawa a haz, B ƙarfin maganaɗisun cikin ferayit a tesla, Ae a murabba'in mita. A mai siffar E, Ae shi ne girman fuskar ƙafar tsakiya. Na ETD39 murabba'in milimita 125 ne, wato 0.000125. Kada ka ɗauki B kusa da 0.39, domin tun kafin ƙoshi ɓarna ce za ta dafa shi. A kilohaz 50, 0.15 wuri ne mai kyau, musamman ga ferayit ɗin da ba ka da takardarsa.

V kuma ba 12 ba ne. Batirin da ke kan caji yana kai 14.4, da shi za ka yi aiki. Ƙasa: 4 sau 50,000 sau 0.15 sau 0.000125 ya ba da 3.75. Raba 14.4 da 3.75, ka sami 3.84. Naɗi huɗu ke nan a kowane gefe. Da uku, B zai hau kusan 0.19, zai yi aiki amma da ƙarin zafi. A ferayit ɗin da aka ciro daga bola, adadin naɗi na sama nake ɗauka, ba na ƙasa ba.

Wani abu da ke kayar da mutane: a SG3525 da TL494, ƙananan na'urorin da ke tuƙa mosfet a inbata, idan suna tuƙa gefe biyu, saurin da taransifoma ke gani rabin na osileta ne, wato ɓangarensu da ke saita saurin. Ka saita osileta a kilohaz 50, taransifoma 25 take samu, B ya ninka ya koma kusan 0.29. Auna a ƙafar get na mosfet, wadda ake kunna shi da ita, wannan ne f ɗinka.

Da wannan lissafin za ka ga abin da ya sa ba a sa ferayit a wutar gida kai-tsaye. Mayar da f ya zama 50 maimakon 50,000, naɗi huɗun nan zai koma kusan dubu huɗu, don bolt 14 kacal.

Kunnawar farko

Kada ka haɗa batir kai-tsaye. Sa ƙwan fitilar mota mai bolt 12 a layin ja, tsakanin batir da allo, tare da mita a ma'aunin amfiya, kuma kada ka ɗora kaya a fita. Idan komai daidai ne, ƙwan zai yi haske na ɗan lokaci yayin da kafasitoci ke cika, sannan ya dushe. Idan ya tsaya da haske, kashe: ko gefe biyun ba su yi daidai da juna ba, ko an juya farkon naɗi da ƙarshensa, ko akwai naɗin da ya haɗe, ko ƙoshi ne. Auna kowane gefe da mitar LCR, ya kamata lambobin biyu su zo kusan ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta samun haka ita ce ka naɗa gefen biyu tare, waya biyu a jere.

In ƙwan ya dushe, cire shi ka sa fiyus, ka bar allon yana aiki babu kaya kamar minti goma sha biyar, sannan ka kashe ka taɓa. Ɓangaren fita yana ɗauke da ɗaruruwan bolt, sai ka sauke shi kafin hannunka ya shiga. Idan ferayit ɗin ne ya yi zafi alhali waya tana sanyi, B ya yi yawa ko nau'in bai dace ba, ƙara naɗi ɗaya ka sake gwadawa. Idan kuma sai an ɗora kaya waya take zafi, ferayit yana nan lafiya, kaurin waya ne bai isa ba; a irin wannan sauri wuta a fatar waya take bi, don haka sirara da yawa a haɗe sun fi ƙatuwa guda.

Ɓarin da ya karye gida biyu da kyau, ba tare da ya marmashe ba, ana iya manne shi da ɗigon sufagulu siriri a matse sosai. Bayan ya bushe sake naɗi goma ka gwada AL da na lafiyayyen ɗan'uwansa. In ragin bai wuce kashi goma cikin ɗari ba, zai yi ƙaramin aiki kamar caja ko koyil ɗin tacewa. Babbar inbata kuwa, nemo mata wani. Sauran da ka auna ba ka yi amfani da su ba, manna wa kowanne ɗan tef ka rubuta AL da µ da MnZn ko NiZn, ka ɗaure ɓarin E biyu-biyu yadda suka zo, domin ɓari mai giɓi da marar giɓi idan suka cakuɗe a gwangwani sai ka sake awon daga farko.